Alhaji ya ce shafin ya yi fili da yawa: fashin baƙi kan yayin taƙaita ado a shafukan intanet

Watan jiya wani dattijo mai sana'ar shinkafa nan Birnin Kebbi ya sa in yi mai shafin intanet, irin wanda masu sari daga Legas ko Ibadan za su shiga su ga kaya da farashi su kira shi. Kwana huɗu na zauna a kai, na fito da abu fari tas, sunan kamfani a sama, hoton buhu uku, farashin kowane, lambar waya, sai maɓalli kore na WhatsApp a ƙasa. Na kai mai shago na miƙa mai waya, ya ja sama ya ja ƙasa sannan ya ɗago ya ce ɗana to ina sauran? Na ce Alhaji ai shi ke nan. Ya ce a'a wanga wuri duk fili ne kamar ɗakin amaryar da ba a yi ma jere ba, a sa hoton injin casa, a sa hotona, a sa rubutu mai gudu yana cewa barka da zuwa, in da hali ma waƙa ta riƙa tashi in an buɗe, kuɗina zan biya a cika mani wuri.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, don mu haka munka tashi, abu mai daraja shi ne wanda anka cika da aiki. Dubi babbar riga mai aska takwas, dubi hular da anka kwashe wata ana ɗinki, dubi fostar biki ko ta ɗan takara yadda masu zane ke cusa kala bakwai da hoto biyar a takarda guda. To sai ga shi manyan kamfanonin duniya da ke da kuɗin da za su sa ko mi suke so a shafinsu, su kuma sun koma suna ragewa. Turawa na ce ma wanga salo minimalizim, wato a taƙaita, a bar abin da ya zama dole kawai. Ina son in warware yadda anka iso nan, don ni a ganina mu mutanen Kebbi da Zamfara mun fi su buƙatar wanga salo nesa ba kusa ba, amma dalilinmu daban da nasu, kuma in ba a gane dalilin ba sai a kwaikwayi fatar abin a bar tsokar.

Shafin farko a duniya Tim Berners-Lee ya ɗora shi a 1991 a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, kuma rubutu ne zalla da mahaɗai, wato kalmomin da ake dannawa su kai ka wani shafi, ko hoto guda babu. Wannan ba zaɓi ba ne, iyakar abin da fasahar ke iyawa ke nan. Da dama ta samu a tsakiyar shekarun 1990 sai kowa ya sake, shafukan GeoCities da ire-irensu sunka cika da rubutu mai ƙyaftawa, da kiɗa mai tashi da kansa, da ɗan agogon nan mai ƙidaya mutum nawa sunka shigo, wato dai daidai abin da Alhaji ke nema, duniya ta riga ta yi shi ta gaji. Manyan shafuka irin Yahoo kuwa sun zama kamar kasuwar Jega ranar ci, labarai nan, yanayi can, talla, wasanni, saƙo, duk a fuska ɗaya. Cikin wanga hali Google ya fito a 1998 da farin shafi, suna a sama, akwatin rubutu guda a tsakiya. Mutum na shiga ya san abin da zai yi ba sai an gwada mai ba, kuma yana buɗewa nan take ko da intanet ɗin wancan zamani mai tafiyar hawainiya. Har yau fuskar ba ta canja sosai ba.

Duk da haka ado bai mutu ba a lokacin, sai ma ya ƙaru da wata fasaha da ake kira Flash, wadda ke sa shafi ya riƙa motsi kamar fim, sai ka jira an gama maka wasan buɗewa kafin ka ga abin da ya kawo ka. Abin da ya karya ta waya ce. iPhone ta fito a 2007 ba ta ɗaukar Flash, a 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple mai yin iPhone a lokacin, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa ba za su taɓa sa ta ba saboda tana shan batir kuma ba don taɓawa da yatsa anka yi ta ba, daga nan ta fara gangara har kamfanin Adobe ya rufe ta baki ɗaya ƙarshen 2020. A 2010 ɗin nan dai wani mai zane Ethan Marcotte ya fito da tsarin da shafi guda zai riƙa miƙewa yana tsukewa daidai faɗin allon da anka buɗe shi, kwamfuta ko waya. To shafin da zai shiga tafin hannu dole a rage mai kaya, ba ka ɗora lodin tirela a bayan Keke Napep. Zuwa 2016 masu shiga intanet da waya sun zarce masu shiga da kwamfuta a duniya, mu nan kuwa yawancinmu da ma ta waya munka fara sanin intanet.

Akwai kuma wani juyi da masu wayar zamani za su iya tunawa. Da can manhajojin iPhone kwaikwayon kayan zahiri suke yi, wurin rubutu kamar takarda mai ruwan ɗorawa da layuka, wurin littattafai kamar kantar katako, maɓalli na sheƙi kamar a kama shi da hannu. Microsoft ta fara watsar da wannan a wayarta ta 2010 da Windows 8 a 2012, Apple ta bi a 2013 da iOS 7, sabon zubin manhajar da ke tafiyar da iPhone, ta shafe komi ya koma shimfiɗe ba inuwa ba sheƙi, Google ta fito da nata tsarin Material a 2014. Cikin shekara kamar huɗu fuskar intanet duk ta canja. Tunanin kansa kuwa ya girmi kwamfuta, tun makarantar koyon zane ta Bauhaus da anka buɗe a Jamus a 1919 ake koyar da cewa amfanin abu shi ke yanke siffarsa, sannan Dieter Rams da ya daɗe yana zana rediyo da sauran kaya ma kamfanin Braun takensa shi ne kaɗan amma mafi kyau, kuma Jony Ive wanda ya jagoranci zanen Apple bai ɓoye ba cewa ya sha daga gare shi.

To wannan tarihinsu ne, bari mu dawo gida inda maganar ta fi ci mani rai.

Bature in ya ce yana son shafi mara tarkace, galibi maganar kwanciyar ido yake yi, da kuma kada hankalin mai saye ya rabu. Mu kuwa kafin a kai ga ido akwai aljihu. Kowane hoto, kowane bidiyo, kowane salon rubutu na musamman da mai zane ya sa a shafi, wayar mai buɗewa ce ke sauke shi da datar da ya saya da kuɗinsa. Matsakaicin shafi a intanet yanzu ya haura megabayit 2, kuma ana iya yin shafi mai kyau da ke aikin da ake so da kilobayit 200 ko 300, ga shi kuwa kilobayit kamar dubu ke yin megabayit guda. Yi lissafi da kanka, wanda ya sayi megabayit 100 zai buɗe na farko sau hamsin ko ƙasa da haka, na biyun kuwa sau ɗari uku zuwa ɗari biyar. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa NCC ta amince ma kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa, to wanda ya ɗora bidiyo mai tashi da kansa a bayan shafinsa hannu ya sa a aljihun baƙonsa ba tare da ya tambaye shi ba. Sannan ga sabis, cikin Birnin Kebbi ko Gusau kana iya samun 4G lafiya lau, amma ka kama hanyar Kamba ko ka shiga ƙauyukan Yauri ko na Anka sai ka ga harafin E, alamar sabis mai rauni, ya hau saman waya, shafi mai nauyi ya tsaya yana juyi yana juyi har ka haƙura ka fita. Sannan ga wayar kanta, Itel ko Tecno ta shekara huɗu da ta cika da hotuna da saƙon murya, ba irin wadda mai zanen ke gwaji da ita a ofis ba. Google da kansu ma'aunin da sunka sa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma suna duba saurin shafi wurin jera sakamakon bincike.

Manyan kamfanoni sun san da wanga tun tuni, shi ya sa Facebook sunka fito da Facebook Lite a 2015 wanda a farkonsa bai kai megabayit ɗaya ba, kuma shi ya sa Opera Mini ta yi farin jini a wurinmu, don ita tana matse shafi a can wurinsu kafin ta turo maka. In ma kana son ganin ƙarshen taƙaitawa to danna *310# ka duba kuɗin wayarka, ba hoto ba kala, layi biyu ne na rubutu, amma tsohuwa a Dakingari da ƙaramar wayarta ta tocila tana amfana da shi daidai da mai iPhone a Abuja. Kullum in zan fara aiki wanga nike tunawa.

Sai dai nan ne yaudarar take, kuma 'yan uwana masu wagga sana'a da yawa sun faɗa ciki. Shafi na iya zama fari tas a ido, kalma goma kacal, amma a ƙarƙashi ya fi buhun gero nauyi. Sai ka ga an sauke samfurin shafi da anka riga anka haɗa, an goge rubutun an bar fili, amma duk tarin lambobin da ke sa abubuwa motsi suna nan ana sauke su, ga salon rubutu kala huɗu, ga manhajojin bibiya na masu talla, ga hoto guda babba a sama wanda anka ɗauko kai tsaye daga kyamara megabayit 4 ko 5 ba a matse shi ba, alhali in an rage girmansa an mai da shi WebP, wani tsarin ajiye hoto mara nauyi, zai iya komawa kilobayit 100 kuma a allon waya ido ba zai rarrabe ba. Ƙanena ya taɓa kwana biyu yana fama da shafin rajistar wata makaranta, fuskar shafin kyakkyawa kamar ta banki, amma a wayarsa ba ya ƙarasa buɗewa, dole ya biya kuɗin mota ya shigo gari ya biya mai kafe, a kan fom ɗin da bai wuce akwati takwas ba. Ranar na ji zafi ƙwarai, don na san aikin awa biyu ne a gyara shi. Irin wanga shafi sunan taƙaitawa kawai ya ara.

Matsala ta biyu ita ce ɓoyo. Don a samu fili sai a tattara duk hanyoyin shafi a cusa su bayan wasu 'yan layuka uku a kusurwa, mu da munka saba mun san a danna nan, amma Alhaji bai sani ba, kuma ba don ba shi da kai ba, mutumin da ke riƙe lissafin buhu dubu a ka, kawai babu abin da ke jikin layuka uku da ke cewa taɓa ni. Haka alamomin da ba rubutu a ƙasansu, ɗan ƙaramin hoton jirgin takarda wai shi ne tura saƙo, ɗigo uku wai ƙarin bayani. A wurin da mutane da yawa karatun bokonsu kaɗan ne, wasu ajami sunka fi ƙwarewa a kai, wasu saƙon murya suke yi, alama ita kaɗai ba ta isa, rubutu shi kaɗai ma bai isa, sai an haɗa su, hoton waya da kalmar Kira a gefensa babba. Da aka shafe inuwa da kauri daga maɓallai a yayin 2013 mutane da yawa ko a can Turai sun rasa gane mi ake dannawa mi ba a dannawa, shi ya sa daga baya anka ɗan maido da inuwar. Maɓalli dai ya yi kama da maɓalli.

Sai siririn rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda masu zane ke so don yana da sanyi a ido. Sanyi cikin ofis mai labule ke nan. Fito da wayar tsakar rana a watan Afrilu a kasuwar albasa ta Aliero, allo ya sha ƙura, an rage haske don batir ya kai dare saboda ba a san lokacin da za a kawo wuta ba, wallahi ba abin da za ka gani. Akwai ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa ma masu raunin gani wadda ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 a kan 1, ni ina wuce haka ma, baƙi sosai a kan fari kamar tawada a kan allo. Allon makarantar allo ma ai darasi ne, kullum wanke shi ake yi a rubuta abin da za a karanta kawai, zayyana sai ranar sauka.

Akwai kuma wadda ta shafe mu mu kaɗai, ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Shafin da anka rage ma hotuna duk kyansa ya koma kan rubutu, to sai mai zane ya je ya zaɓo wani salon rubutu na yayi wanda masu yin sa ba su taɓa jin labarin ƙ da ɗ da ɓ ba. Sakamakon sai ka ga kalmar ƙasa ta fito da ɗan akwati a farkonta, ko harafin ya fito da wata siffa daban ya fi sauran kauri kamar haƙorin Makka a tsakiyar baki. Daga nan sai a ce a cire lanƙwasar kawai a huta, shi ke nan baƙi da baki sun zama ɗaya, ɗaki da daki haka. Maganin ba wuya, a gwada salon da jimla mai haruffan kafin a zaɓa, ko a ɗauki irin Noto wanda Google ta yi musamman don kada wani harshe ya riƙa fitowa akwati-akwati, ko ma a bar wayar ta yi amfani da nata salon na asali, wanda shi ba a sauke komi balle ya ci data.

In ana neman misalin wanda ya yi abin bisa gaskiya ni shafin gwamnatin Birtaniya GOV.UK nike nunawa. An buɗe shi a 2012 an haɗe ɗimbin shafukan ma'aikatu wuri guda, baƙin rubutu ne manya a kan fari, fom na tambayarka abu ɗaya a kowane mataki, ba hoton minista ba jawabin maraba, kuma a 2013 ya ci kyautar zanen shekara ta gidan adana zane na Landan. Ina fata masu ba da kwangilar shafukan makarantu da hukumomi a jihohinmu su zauna su kalle shi na minti goma, don ɗalibin da ke neman jadawalin jarrabawa ko manomin da ke neman fom ɗin taki abin da ya zo nema ya kamata ya fara cin karo da shi.

Yayi kuma juyawa yake yi, wannan gaskiya ne. An yi na baƙin allo mai farin rubutu da ya shigo Android da iPhone a 2019, a 2025 Apple ta dawo da sheƙi da wani salo mai kama da gilashi, wasu masu zane kuma sun gaji da yadda shafuka sunka koma kama ɗaya kamar 'yan makaranta cikin yunifom, suna dawo da kaloli masu ƙarfi da manyan haruffa. Ƙorafin nasu na da tushe, ni ma ba na son in buɗe shafin mai kilishi a Gusau in kasa bambanta shi da na kamfanin inshora a Amurka. Amma ado ba shi ke da nauyi ba in an san inda za a sa shi. Kala kyauta ce, ba ta cin data. Dagin arewa ko zanen bakin riga in an zana shi da layi bai fi 'yan kilobayit ba. Farar shadda da aka yi ma ɗan aiki a wuya kowa ya san ta fi wadda anka cika ko'ina kwarjini, kenan mu ma muna da namu ilimin taƙaitawa, ba sai an aro daga Jamus ba.

Da wanga na koma wurin Alhaji, amma ban tsaya dogon bayani ba, na haɗa mai shafi na biyu yadda ya ce, da hotuna goma sha biyu da rubutu mai gudu da waƙa, na ce Alhaji a kira direbanka da ke kan hanyar Argungu a tura mai duka biyun. Na farko ya buɗe kafin su gama gaisawa, na biyun kuwa har sunka yi sallama yana juyi. Ya yi shiru kaɗan ya ce to a bar na farkon, amma lambar waya a ƙara mata girma, kuma a rubuta kilo nawa ne a buhu don 'yan kudu da shi suke fara tambaya, wanda gaskiya ni ban yi tunanin sa ba kuma shi ya fi komi amfani a shafin yanzu. Hotonsa da na injin casa na matse su na sa a shafin ciki mai suna Game da mu, saman kuma na ja siririn zanen dagi kore. Waƙar ce har yau bai haƙura ba, na ce zan sa ta ciki da maɓallin da mai so zai danna da kansa, ya ce a bari sai ya zaɓo wadda yake so bayan an gama girbi.